Shaɗaranji a intanet: a fara tunani kafin a tambayi kwamfuta

Yau za mu ɗan kauce daga maganar siyasa da tsadar hatsi, mu taɓo wani wasa da ya fara samun gindin zama a cikin wayoyin ƴaƴanmu ba tare da yawancin iyaye sun lura ba. Wasan nan shi ne wanda masu jin Faransanci ke kira eshek, masu jin Ingilishi su ce ces, malamanmu kuma suka san shi a littattafan fiƙihu da sunan shaɗaranji. Wasu na ce masa darar Turawa, alhali kuwa ba Bature ne ya ƙago shi ba. Daga Indiya ya taso wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, kuma a ƙarni na 9 da na 10 an yi gwanaye a Bagadaza irin su al-Adli da as-Suli waɗanda suka yi rubuce-rubuce a kansa. Ta Andalus ya ƙetara zuwa Turai. Ko a nan kusa da mu, Turawan mulkin mallaka sun rubuta cewa sun tarar da wani nau'insa a Barno ana ce masa tsatsarandi.

Mun san malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa. Imamu Malik bai so shi ba, su kuwa malaman Shafi'iyya suka ɗauke shi makaruhi matuƙar babu caca a ciki kuma bai hana salla a kan lokaci ba. Wannan fage ne na malamai, mun bar musu. Abin da ya kawo mu shi ne yaran da suka riga suka shiga wasan, da yadda kwamfuta ke neman raba su da abu ɗaya da ya sa wasan ke da amfani tun asali, wato tunani.

Ga wanda bai sani ba, a yau ɗan lakkol da ke Maraɗi ko Damagaram ba ya buƙatar allo da ƴaƴan wasa kafin ya buga shaɗaranji. Waya da ƴan mega kaɗan sun isa. Manyan zaurukan wasan a intanet guda 2 ne: Chess.com, wanda aka buɗe a 2007 kuma masu rajista a cikinsa suka haura miliyan 100 a ƙarshen 2022, da Lichess, wanda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa a 2010, kyauta ne, babu talla a ciki, da gudummawar jama'a yake tafiya. Dare da rana ana gasa a cikinsu, wata ta minti 3 ga kowane ɗan wasa, wata ta minti 10, kuma yaro na iya karawa da mutumin Peru yanzu, an jima ya kara da na Indonesiya. Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe dakunan gasa a duniya, hatta manyan gwanaye can suka koma. Idan kuma babu abokin wasa, sai a kara da kwamfutar kanta, a zaɓi matakin ƙarfinta. Wannan duka alheri ne, domin a da wanda ke son koyon wasan sai ya samu littafi daga Faransa da malamin da zai fassara masa.

To amma da zarar an gama wasa akwai wani maɓalli da ake dannawa, cikin daƙiƙoƙi kaɗan kwamfuta ta bi wasan daga farko har ƙarshe, ta sa alama a kowane taku: wannan daidai ne, wannan kuskure ne, wannan kuma babbar katoɓara ce. Ta kuma ba da maki bisa ɗari. A nan gizo ke saƙa.

Kafin mu yi ƙorafi, ya kamata mu ba na'urar haƙƙinta, domin ƙarfinta ba abin musu ba ne. A 1996 zakaran duniya Garry Kasparov ya doke kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM da ci 4 da 2 a Filadelfiya. Shekara ta zagayo, a watan Mayu na 1997 a birnin New York, na'urar da aka sake wa shiri, mai duba yanayin allo kusan miliyan 200 a cikin daƙiƙa 1, ta rama da ci 3 da rabi da 2 da rabi. Waccan ƙatuwar na'ura ce ta musamman. A ƙarshen 2006 kuwa, a birnin Bon na Jamus, manhajar Deep Fritz da kowa ke iya saye a kanti ta doke zakaran duniya na lokacin Vladimir Kramnik da ci 4 da 2, har a ɗaya daga cikin wasannin ya kasa ganin kisan da ke gabansa da taku 1 tak, irin kuskuren da ɗan koyo ke yi. Tun daga nan maganar karawa tsakanin mutum da na'ura ta mutu. Manhajar Stockfish, wadda ta fito a 2008 kuma kyauta ce, ita ce ke yin nazari a waɗannan zauruka. Ma'aunin ƙarfin Magnus Carlsen na Norway, wanda babu ɗan Adam da ya taɓa kai shi, ya tsaya a 2882 a shekarar 2014, ita kuwa Stockfish ana ƙiyasta ta sama da 3500. Ke nan wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu ta fi kowane zakaran duniya da aka taɓa yi.

Wanda ya samu malami irin wannan kyauta, a ce ya gode wa Allah. Sai dai malami ne da ke faɗin amsa ba ya faɗin dalili. Abin da yake nunawa lamba ce. Idan ya rubuta +1, ma'ana mai fararen ƴaƴa ya yi gaba da kimanin darajar soja 1. Idan lambar ta faɗo daga +2 zuwa 0, an yi kuskure, sai ya jero takun da ya kamata a yi. Me ya sa wancan takun ya fi? Wane tunani ya kamata ya zo wa mutum har ya gano shi da kansa gobe, a wani wasa da bai yi kama da na yau ba? Wannan na'ura ba ta sani ba, domin ita ba haka take tunani ba. Lissafi take yi mai zurfin taku 20 ko 30, inda mutum na kirki ke ganin 4 ko 5. A 2012 masana a Jami'ar Mosko sun lissafe duk wani yanayi da ƴaƴan wasa 7 ko ƙasa da haka suka rage a allo, suka tarar da wanda sai an yi taku fiye da 500 kafin a kai ga kisa. Gaskiya ce tsantsa, amma babu ɗan Adam da zai koyi komai daga gare ta.

Abin da muke gani a wajen yaranmu shi ne, an gama wasa, an danna maɓalli, an duba maki, in ya kai 90 a ɗauki hoto a tura wa abokai a WhatsApp, in bai kai ba a ce tsautsayi ne a fara sabo. Wasa 30 a dare ɗaya, babu ko ɗaya da aka zauna a kansa. Makin nan ma yaudara gare shi. Idan abokin karawa ya ba da sarauniyarsa a banza tun a taku na 8, duk abin da aka yi bayan nan mai sauƙi ne, maki zai hau ba don gwaninta ba. Wasa mai wuya da aka yi gumi a kansa, aka yi kuskure 3 aka gyara, makinsa zai yi ƙasa, alhali shi ne mai darasi a ciki.

Karawa da kwamfutar ma da tata matsalar. Idan aka sa ta a ƙaramin mataki, ba ta zama mutum mai rauni ba, gwana ce da aka umarta ta riƙa yin wauta jefi-jefi. Sai ta yi taku 10 masu kyau, na 11 ta jefar da doki babu dalili. Yaron da ya saba da haka zai koyi zaman jiran kyauta, kuma mutum mai rai ba ya ba da kyauta irin wannan. Masana sun san da matsalar, shi ya sa a 2020 wasu masu bincike daga jami'o'in Toronto da Cornell suka fito da wata manhaja mai suna Maia, wadda aka horar da miliyoyin wasannin mutane domin ta riƙa yin kuskure irin na mutane. Wanda ke son karawa da na'ura, gara ya neme ta a Lichess. Idan kuma aka sa Stockfish a cikakken ƙarfinta, to duka ne kawai, kuma ba a koyon dambe ta hanyar shan duka daga wanda ko inuwarsa ba a gani.

Kada a ce surutun ƴan rediyo ne da ke tsoron zamani. A dubi Gukesh na Indiya, wanda ya zama zakaran duniya a watan Disamba na 2024 a Singafo yana da shekara 18, bayan ya doke Ding Liren na Sin, kuma babu wanda ya taɓa cin wannan kambu a irin wannan karawa da ƙarancin shekaru kamarsa. An haife shi a 2006, shekarar da Kramnik ya sha kashi, wato a cikin zamanin kwamfuta ya buɗe ido. Amma malaminsa Vishnu Prasanna ya nisanta shi da manhajojin nazari a shekarunsa na koyo, har sai da ya samu muƙamin babban gwani yana da shekara 12, ya tilasta masa ya riƙa lissafi da kansa, ya yi kuskurensa, ya gano shi da kansa. Daga baya ne aka buɗe masa na'ura, lokacin da ya riga ya samu ƙwaƙwalwar da zai yi mata tambaya mai ma'ana. Idan yaron da aka haifa da baiwa irin wannan sai da aka yi masa haka, ina ga namu?

Mu Hausawa ma ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a inda dattawa ke dara a gindin bedi, gurbi 30 a ƙasa, kowa da ƴaƴansa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, ya san cewa rabin daɗin yana zuwa ne bayan an tashi wasa. Nan ne za a mayar da ƴaƴa inda suke, wani ya ce da nan ka sa da ka ci, wani ya ce ƙarya ne ga abin da zai biyo baya, a yi ta gardama har a kira salla. Yaron da ke tsugune a gefe da wannan gardama yake koyo. Gwanayen shaɗaranji na duniya su ma haka suka saba, a gama wasa abokan karawa su zauna su warware shi tare, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji tsoro. Maɓallin nazari wannan zaman yake kashewa, saboda wa zai yi gardama bayan alƙali ya riga ya yanke hukunci?

Daga tambayar na'ura da zarar an gama wasa zuwa tambayarta ana cikin wasa, tazarar ba ta da yawa, kuma cuta ɗaya ce, wato rashin haƙurin zama da tambaya. Waya 2 kawai ake buƙata, ɗaya ana wasa, ɗaya tana ba da satar amsa. Zaurukan na rufe dubban sunaye kowane wata saboda wannan, ta hanyar auna yadda takun mutum ke dacewa da na na'ura da kuma lokacin da yake ɗauka a kan kowane taku, domin mai satar amsa daƙiƙoƙinsa ɗaya ne a kan taku mai wuya da mai sauƙi. A watan Maris na 2021 an rufe sunan wani dattijo ɗan Indonesiya da ke wasa da laƙabin Dewa Kipas bayan ya doke wani sanannen ɗan wasan Amurka, Levy Rozman. Ƴan ƙasarsa suka yi ca a kan Ba'amurken da zagi, suna cewa an raina talaka ne. Sai aka shirya masa zama ido da ido da gwanar ƙasar, Irene Sukandar, mutum fiye da miliyan 1 na kallo kai tsaye a YouTube. Ta cinye shi 3 da babu. Dara ta ci gida. Manya ma ba su tsira ba: a 2019 an ɗauki hoton babban gwani Igors Rausis a ban ɗaki da waya a hannu ana tsakiyar gasa a Strasbourg ta Faransa, hukumar wasan ta duniya FIDE ta dakatar da shi shekara 6 ta kuma ƙwace muƙaminsa.

Ɓarnar maguɗi ba ta tsaya a kan mai yin sa ba, domin yana sa a daina yarda da kowa. A watan Satumba na 2022, a gasar Sinquefield da ke St. Louis ta Amurka, wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Hans Niemann ya doke Carlsen a kan allo, Carlsen ya fice daga gasar. Niemann ya amsa cewa ya taɓa yin maguɗi a intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16. Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72 yana cewa da alama ya yi a wasanni sama da 100 na intanet, amma bai samu hujjar cewa ya yi a wasan da ya doke Carlsen ba. Yaron ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 100 ta Amurka, kotu ta kori ƙarar, aka sasanta a watan Agusta na 2023, daga baya FIDE ta ci Carlsen tarar Yuro 10,000 saboda ficewa daga gasa babu dalili karɓaɓɓe. Darasin da ke ciki ga yaranmu a fili yake: abin da Niemann ya yi a ɗakinsa yana yaro, yana ganin babu mai gani, shi ya tashi ya ɓata masa babbar nasararsa. Intanet ba ta mantuwa. Kuma wanda aka yi wa zargi yana da gaskiya, da me zai wanke kansa? Ɗan Afirka da babu wanda ya san shi, da ba shi da tarihin gasa a kan allo, idan ya doke wani mai suna a intanet shi za a fara tuhuma.

Sai kuma matsalar da ta fi kusa da mu, wato wuta da rezo. A gasar intanet agogo ba ya jiran kowa. A watan Agusta na 2020 FIDE ta shirya gasar ƙasashe ta farko a intanet, ƙungiyoyi fiye da 160 suka shiga. A wasan ƙarshe tsakanin Indiya da Rasha, ƴan wasan Indiya 2, Nihal Sarin da Divya Deshmukh, layinsu ya yanke lokacinsu ya ƙare. Indiya ta ɗaukaka ƙara, aka gano tangarɗar ta shafi sassan duniya da yawa, shugaban FIDE Arkady Dvorkovich ya raba zinare tsakanin ƙasashen biyu. Amma kwanaki kaɗan kafin nan irin haka ta faru da wani ɗan wasan Armeniya a karawarsu da Indiyar, aka yi watsi da kokensu, suka fice daga gasar cikin fushi. To idan ba a saurari Armeniya ba, ƙasar da ta ci gasar ƙasashe ta duniya sau 3, wa zai saurari yaron Tasawa da rezo ya gudu masa? Mun ga yadda garuruwanmu suka zauna cikin duhu bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, mun kuma ga ranar 14 ga Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke daura da Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka wayi gari babu layi. Wanda ya jingina wasansa duka a kan intanet a wannan yanki, ya jingina da zana.

Afirka ba ta rasa gwanaye ba. Ahmed Adly na Masar ya zama zakaran matasa na duniya a 2007, Amon Simutowe na Zambiya ya samu muƙamin babban gwani a 2009, Bassem Amin na Masar ya haura maki 2700 a 2017. A Legas, Tunde Onakoya ya fara tara yaran unguwannin talakawa a 2018 da allunan roba, ba da wayoyi ba, kuma abin da ya ja hankalin duniya gare su shi ne ganin yaran zaune a gaban allo suna tunani.

Don haka kiranmu ga shugabannin gidajen matasa, da malaman lakkol da kwaleji, da samarin fada da suka iya wasan, ba wai a hana yara waya ba ne, hakan ma ba zai yiwu ba. A sake jera abubuwan ne kawai. A samu allo na gaske, kafinta na iya zana gida 64 a kan katako, murafun kwalba da aka yi wa alama sun isa ƴaƴan wasa kafin a samu na kanti. A rage wasan minti 3, a yi na minti 20 ko 30, kowane yaro ya rubuta takunsa a takarda. In an gama, abokan karawa su zauna su warware wasan da baki, kowa ya sa alama a wurare 2 ko 3 da ya rasa abin yi, ya rubuta abin da yake ganin ya fi. Sai bayan nan a kunna Stockfish, wadda ke aiki a waya ko babu mega, a tambaye ta a kan waɗannan wurare kaɗai. Abin da ta faɗa kuma sai yaro ya bayyana wa ƙanensa da Hausa, me ya sa doki nan ya fi can. In ya kasa bayyanawa, bai fahimta ba tukuna, a mayar da ƴaƴa a sake dubawa. Wasan da aka buga da kwamfuta ma haka za a yi masa, a nemo takun da abubuwa suka fara lalacewa kafin a buɗe nazarinta.

Game da gasa kuwa, akwai hanyar da FIDE da kanta ta amince da ita tun 2021: ƴan wasa su taru a ɗaki guda ƙarƙashin idon alƙali, a karɓe wayoyin aljihu, su kara ta intanet da wasu da suka taru a wani gari cikin irin wannan sharaɗi. Da haka Maraɗi za ta iya karawa da Katsina, Damagaram da Kano, Yamai da Kumasi ko Garwa, ba tare da kuɗin mota da wahalar kan iyaka ba, kuma babu mai zargin wani. Abin da ake buƙata ɗaki ne mai faifan hasken rana ko janareto, layin waya na kamfani 2 saboda in ɗaya ya yanke, da yarjejeniya a rubuce tun kafin a fara cewa idan rezo ya ɗauke za a tsayar da agogo a ci gaba daga inda takarda ta nuna. Mu a gidajen rediyon al'umma za mu iya ba da minti 15 a mako, a kawo yara 2 da takardar wasansu su yi gardamarsa a gaban makirfo, a karanta abin da kwamfuta ta ce a minti 2 na ƙarshe.